Sunana ya fito aikin haƙo a bakin tafkin Turkana, wa ya taɓa zuwa?

Ɗalibar Samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Ina aji uku a sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, kuma Allah ya sa sunana ya fito cikin masu zuwa aikin fili a Koobi Fora, wurin da ake neman ƙasusuwan mutane da dabbobin zamanin da a bakin tafkin Turkana, arewacin Kenya, a dogon hutu mai zuwa. Iyakar fitata aiki Turunku ce da Kufena, inda muke tsintar tsingaro da rana mu dawo mu kwana a kan katifa. Baba ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji daga bakin wanda ya je. Mama kuwa damuwarta me zan ci, a ina zan yi wanka. Don Allah duk wanda ya taɓa zuwa ya ba ni labari tsakani da Allah, ba irin na takardar talla ba.

Bazazzagiya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na je, na dawo da raina, sai dai na yi baƙi har ƙannena suna tsokanata.

Daga Nairobi kwanaki za ku yi a babbar mota. Kwalta za ta ƙare ku shiga tsakuwa, ku wuce South Horr, ku ratsa ɗaruruwan fankokin da ke samar da lantarki da iska, sannan tafkin ya bayyana kore shar kusa da Loiyangalani. Ba banza aka kafa fankokin nan a wurin ba. Iskar yankin ba ta hutawa dare da rana, tantin da ba a danne turakunsa da duwatsu ba sai dai a bi shi da gudu.

Ki cire wa ranki cewa tono za ki wuni kina yi. Yawancin aikin tafiya ce. A jera ku sahu ɗaya tun da sassafe, kowa kansa a sunkuye, kuna bin gangaren da ruwan sama ya zaizaye. In kin ga ƙashi ko ɓallin dutse da alamar hannu ya sassaƙa shi, ba a ɗauka. Tuta ƙarama za ki soka a gefensa ki ci gaba. Sai an zo da na'urar awo irin ta masu safiyo an ɗauki inda yake, an ba shi lamba, an rubuta shimfiɗar ƙasar da ya fito, sannan ya shiga leda. Ƙashin da aka ɗaga ba a rubuta wurinsa ba ya tashi daga aiki, komai kyansa. Ranar da aka buɗe rami kuwa, cokalin magina ne da buroshi da tsinke, ana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, duk bokitin da ya cika sai an tankaɗe shi a rariya. Tankaɗen nan shi ne rabon sabon shiga, ga ƙura ga iska. Da yamma, lokacin da jiki ke neman tabarma, sai a zauna cike takardu.

Kuma kada ki tafi da burin tsinto ƙoƙon kan mutum. Abin da za ki yi ta gani ƙasusuwan kifi ne, da na kada, da dorina, da gada iri-iri, da haƙoran aladun daji da suka zama dutse. Na farko da aka ɗora mini a tafin hannu sai da na ɗan yi turus, ɗiyar malam da haƙorin alade. Amma haƙoran nan suna da daraja a wurin. Akwai wata shimfiɗar toka ta dutse mai aman wuta da ake kira KBS, wadda da ita ake auna shekarun abin da ke samanta da ƙasanta. Da farko an ce ta kai shekara miliyan 2.6. Masu nazarin aladu suka ce haƙoran da ke wajen ba su yi kama da na wancan zamani ba, aka yi shekaru ana kai ruwa rana, da aka sake gwaji sai lissafi ya dawo kusan miliyan 1.9. Malaminmu a tsaye kan tokar ya ba mu labarin, fara-fara ce, tana marmashewa a hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne idon mutanen wurin. Akwai wani ɗan ƙabilar Dassanech daga Ileret da ke tafiya da mu, tun yana yaro yake kiwo a tsaunukan nan. Wurin da mu 'yan jami'a muka bi muka wuce, shi sai ya tsaya ya nuna da sanda, haƙori ne bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Haka abin yake tun asali. Richard Leakey ne ya kafa sansanin bincike na Koobi Fora a 1968, sunansa duniya ta sani, amma shahararren ƙoƙon kan nan mai lamba 1470, Bernard Ngeneo ne ya gano shi a 1972. Ƙwarangwal ɗin wani yaro na zamanin da ma, wanda ake kira yaron Turkana, na yammacin tafkin, Kamoya Kimeu ne ya tsinto ɓallin farko a 1984. Don haka ki bi bayan irin waɗannan mutane, ki yi musu ladabi, ki yawaita tambaya. A wurinsu na koyi bambanta ƙashi da dutse.

Ki gaya wa Mama ba za ki kwana da yunwa ba. Akwai ugali, wato tuwon masara mai tauri, da githeri, masara da wake a dafe tare, da chapati da shinkafa da shayi mai madara, wani lokaci kifin tafki. Ki tafi da yajinki da kilishi, za ki gode mini. Ruwan tafkin yana da kanwa-kanwa, santsi yake a jiki, kuma akwai kadoji, ba a shiga sai inda aka nuna kuma ba mutum ɗaya ba. Ni dai bokiti nake ɗiba in je bayan shinge. Sallah ba wanda ya hana ni, amma alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas, kada ki bi fitowar rana yadda muka saba. Ki riƙa zazzage takalmi kullum da safe saboda kunama.

Abu Sumayya:

Ku yi haƙuri da shisshigi. Wannan ba shi ne karatun da ake cewa kakannin mutum birai ne ba? Ya za a tura yarinya daji ta je ta jiyo wannan?

Bazazzagiya:

Malam, tambayar tana kan hanya, ni ma na sha ta a gida. Ba wanda ya tambaye ni aƙidata a can. Abin da ake tambayata shi ne wace shimfiɗa, wace lamba. Ƙasusuwan suna nan a gidan tarihi na Nairobi, sawun ƙafafun da aka tono a Ileret, masu shekara miliyan 1.5, su ma an auna su an rubuta. Masanan kansu har yau ba su gama jayayya kan jinsin da 1470 yake ba. Ta koyo awo da rubutu, aikin da muke buƙata a ƙasar Nok inda masu haƙar sata ke fasa wurare suna kwashe gumaka. Maganar fassara kuwa ta zauna da malamanta na addini, kamar yadda na yi.

Ɗan Gaya:

Ni ƙetaren nawa gada ɗaya ce, daga Gaya zuwa Malanville. Na yi aiki a kufan Birnin Lafiya a ƙasar Dandi ta Benin, tudun da mutane suka zauna tun ƙarni na 4 har zuwa na 13. Mun tarar da daɓe da aka shirya da tsingaro, abin sha'awa, sai dai rabin kwanakina wankin tsingaro na yi da buroshin haƙori. Shawarata ƙanwa: fensir, ba biro ba, don zafi da gumi suna cinye tawada. Kuma kowace leda lamba biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Ɗalibar Samaru:

Na gode Yaya, na gode Malam. Na karanta wa Baba duka, wajen haƙorin alade har dariya ya yi. Yanzu tambayarsa ita ce waya, zai riƙa samuna?

Bazazzagiya:

Ba kullum ba. Akwai wuraren da sai an hau tudu ake samun layi, akwai inda babu sam. Ki sanar da shi tun yanzu cewa shirun kwanaki ba matsala ba ce, ki karɓar masa lambar ofishin masu shirya tafiyar a Nairobi. Caji da hasken rana ake yi kuma layi ake bi, ki sayi fawa bank babba. Kada ki manta katin rigakafin shawara, da malafa mai igiya da za ta zauna a kan hijabi, da hijabai gajeru na auduga, don dogon yana kama ƙaya. In Baba yana son jin murya, ki turo mini saƙo ta ciki, maigidana zai kira shi bayan la'asar.