Cocinmu na tara kuɗin haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Haiti: waɗanne sharuɗɗa ya kamata mu gindaya?

Tambaya daga ma'ajiyar zumuntar mata, Sakkwato

Iyaye da 'yan'uwa, ina gaishe ku. Dattawan ikilisiyarmu a nan Sakkwato sun amince a ware baikon Lahadi guda, a haɗa da abin da zumuntar mata za ta samu daga ɗinki da sayar da abinci, a tura tare da gudummawar wasu majami'u domin a haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan ƙasar Haiti, kuma ni aka ɗora wa riƙon kuɗin. Abin da ya taɓa zukatan mata shi ne labarin kwalara. Cutar ta ɓulla a can a watan Oktoban 2010, wata tara bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu wadda ta ragargaza Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, ta kama mutane fiye da 800,000, ta hallaka kusan 10,000, kuma bayan an yi shekara uku ba a samu wanda ya kamu ba, sai ta sake dawowa a Oktoban 2022. Duk uwar da ta taɓa rungumar yaro yana amai da gudawa har idanunsa suka faɗa, ba ta buƙatar dogon bayani.

Sai dai wasu daga cikinmu suna cewa mu kanmu a cikin gari wajen 'yan ga-ruwa muke saye, kuma akwai ƙauyukan da mutane da dabbobi ke shan tafki ɗaya, to me ya kai mu Haiti? Ban da wannan, ina so masu sanin aikin su gaya mini sharuɗɗan da ya dace mu gindaya kafin mu saki kuɗin jama'a, domin amana ce a wuyana.

Amsa daga mai haƙa da gyaran burtsatse, Gwadabawa

Mama, Allah ya saka muku da alheri. Ni Musulmi ne, kuma a wajenmu shayar da ruwa yana cikin mafifitan sadakoki, saboda haka ina ganin girman niyyarku. Shawarata ita ce kada ku yarda a karɓi kuɗinku a kan haƙa kaɗai. Haƙa aikin 'yan kwanaki ne, amma famfon tuƙa-tuƙa, ko India Mark II ne ko Afridev, yana da robobi a cikin silinda waɗanda ke cinyewa, yana da sanduna da bututun da ke tsatsa idan ruwan wurin mai cin ƙarfe ne, kuma hannun da yara ke lilo a kansa tun asuba dole wata rana ya saki. Sau da yawa an kira ni ƙauye na tarar da famfo ya shekara a tsaye, awaki suna kwance a kan daɓensa, allon sunan waɗanda suka bayar yana nan fes, alhali abin da ya lalace bai wuce roba ba. Mutanen garin sun koma tsohuwar rijiyarsu marar murfi saboda ba a taɓa gaya musu wanda zai gyara ba, ba a kuma nuna musu inda ake sayen kayan ba.

Don haka ku tambayi masu karɓar kuɗin: wane ne zai riƙe rijiyar bayan an tafi? A ƙauyen akwai kwamitin da zai riƙa karɓar ɗan abin da kowane gida zai iya bayarwa a wata, da mata a cikinsa tunda su ke ɗibar ruwa? An horar da makanike a kusa? Ku tambaya kuma ko hukumar ruwan sha da tsafta ta ƙasar, wato DINEPA, wadda aka kafa a 2009, ta san da aikin, domin rijiyar da hukuma ba ta san da ita ba, ba ta da mai bibiya.

Wani abin lura shi ne Haiti ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ce irin tamu. Mafi yawanta tsaunuka ne, akwai ƙauyukan da motar haƙa ba za ta iya hawa ba, kuma a irin waɗannan wurare killace idon ruwa da siminti a jawo bututu zuwa gari ya fi burtsatse amfani. A gaɓar teku ruwan ƙasa kan fito da gishiri, a wuraren dutsen farar ƙasa kuma ƙazanta kan bi tsaguwar dutse ta shiga ruwa. Idan suka ce muku kowane ƙauye burtsatse za a yi masa ba tare da binciken ƙasa ba, ku dakata. Rijiyar ta nisanci masai da aƙalla mita 30, a yi mata daɓe da magudana.

Amsa daga wani dattijon ikilisiya, Sakkwato

'Yata, ni ina cikin masu ja da baya, kuma ba don rashin tausayi ba. Hausawa suna cewa gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, kuma rijiyar da za a haƙa a Tangaza ko Gudu kina iya shiga mota ki je ki gani da idonki, ki sha ruwanta, ki tuhumi ɗan kwangila idan ya yi ha'inci. Kuɗin da za a tura Haiti sai an mayar da naira dala, banki ya cire nasa, sannan ya isa ƙasar da tun bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a ranar 7 ga Yulin 2021 gungun 'yan bindiga suka mamaye mafi yawan babban birninta da manyan hanyoyin fita daga cikinsa, alhali ta waɗannan hanyoyin ne siminti da bututu za su bi. Idan dattawa sun riga sun yanke, ban ce a fasa ba, amma ina roƙo a raba kuɗin, wani kaso ya tsaya a gyara matattun famfunan da ke kusa da mu, kamar yadda Malam mai gyaran burtsatse ya bayyana cewa da yawansu abu kaɗan suke jira.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya, Sakkwato

Baba, da girmamawa, na yarda a raba, amma ba na so kason Haiti ya zama na jeka-na-yi-ka. Mutanen nan ba su jawo wa kansu kwalara ba. Bincike ya nuna cewa ƙazanta daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan ƙasar Nepal, kusa da garin Mirebalais, ita ce ta gurɓata ruwan da ke kwarara cikin kogin Artibonite, wanda manoman shinkafa da iyalansu ke sha, kuma sai a watan Disambar 2016 Babban Sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi gafarar al'ummar ƙasar. A shekarar 2016 ɗin guguwar Matthew ta daidaita kudancin ƙasar, sannan girgizar ƙasar 14 ga Agustan 2021 ta sake kashe mutane sama da 2,000 a yankin. Mu da muka ga yadda amai da gudawa ya cika asibitocinmu a damunar 2021, mu ne ya fi cancanta mu fahimce su.

Yaya, ki ƙara wannan a kan sharuɗɗan Malam: rijiya mai tsafta ba ta hana cuta idan jarkar da aka ɗebo ruwan ba a wanke ta ba, ko kuma kowa yana tsoma moɗa da hannunsa a cikin randa. Ki nemi a nuna miki cewa a cikin kasafin akwai gwajin ruwan kafin a fara sha, akwai sinadarin kulorin, akwai koyar da wanke hannu da haɗa ruwan gishiri da sukari, kuma da harshen Kiriyol da mutanen karkara ke ji za a yi, ba da Faransanci kaɗai ba.

Ma'ajiyar zumuntar mata ta sake rubutowa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan kai wa dattawa shawarar Baba ta raba kuɗin, kuma zan nemi a biya kason Haiti kashi-kashi, kowane kashi sai mun ga sunan ƙauyen, da rasit, da sakamakon gwajin ruwa, da hoton 'yan kwamitin a gaban rijiyar. Malam, idan kun samu sarari, ina roƙon ku rubuto mana jerin kayan gyaran da famfo ɗaya ke buƙata a shekara tare da farashinsu a kasuwar Sakkwato, domin in gabatar a taron zumunta mai zuwa.