Shin Larurar Yaƙi ce ta Sa Aka Rushe Monte Kasino?

Tsohon Soja: Ina nan a kan bakana cewa ruwan bama-baman da jiragen Amurka suka yi wa gidan ibadar Monte Kasino na Italiya ranar 15 ga Fabrairu, 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurka da ƙawayenta ke yaƙar Jamusawa, larura ce ta yaƙi. Ginin yana bisa dutsen da ya tsare hanyar zuwa Roma, kuma sojan da ke kwance a gindinsa cikin sanyi da laka, ana yi masa luguden wuta daga sama, ba zai taɓa yarda cewa babu idon Jamusawa a tagoginsa ba.

Malamar Tarihi: Baba, Allah ya ƙara girma, zato dai zato ne. Jamusawa sun kafa sansanoninsu a gangaren dutsen, amma ba su girke sojoji a cikin ginin ba, kuma shugaban gidan, Gregorio Diamare, ya shaida haka. Waɗanda baraguzan suka danne fararen hula ne na Italiya, kimanin 230, da suka fake a can bisa tunanin cewa babu mai taɓa wurin da Waliyyi Benedict ya kafa tun wajajen shekarar 529.

Ɗalibi: Malama, ai an jefa musu takardun gargaɗi.

Malamar Tarihi: An jefa, kwana ɗaya tak kafin harin, ga mutanen da wuta ta yi wa zobe, cikinsu har da tsofaffi da ƙananan yara.

Tsohon Soja: 'Yata, ban musa asarar rayukan ba, kuma tana damuna. Sai dai Janar Freyberg, wanda ya nemi a kai harin, amanar rayukan sojojin Indiya da na New Zealand ce a wuyansa, kuma kwamanda ba ya fifita gini a kan mutanensa.

Malamar Tarihi: Da harin ya ceci rayukansu, da na sassauta, Baba. Janar Mark Clark na Amurka da kansa bai goyi baya ba, kuma sojojin ƙasa ba su gama shirin hawa dutsen ba a ranar da aka sauke bama-baman. Cikin 'yan kwanaki dakarun laima na Jamus suka shige kangon, suka sami mafakar da ta fi ginin da ke tsaye wuyar karɓewa. Sai ranar 18 ga Mayu, bayan wata uku ana zubar da jini, sojojin Poland suka kafa tutarsu a kansa.