Kyanwa biyu uwa ɗaya, ɗayar ta ƙi sabo da mutane

Assalamu alaikum. Masu kiwon kyanwa, don Allah ku taimaka min, abin ya ishe ni.

Ina da kyanwa biyu mata, uwarsu ɗaya, haihuwa ɗaya, yanzu watansu 7. Ta farko na ɗauko ta tana da sati 4, a hannu na raine ta. Ta biyun sai da ta yi wata 3 a ɗakin ajiyar maƙwabcinmu, inda babu mai taɓa ta, kafin a kawo min ita.

Ta farkon ko baƙo ne ya zauna sai ta haye cinyarsa. Ita kuwa ɗayar, da ta ji motsin ƙofa sai ƙarƙashin gado, ta kwantar da kunnuwa, jela ta kumbura, tana huci. Abinci ma sai dare ya raba take fitowa ta ci.

Na ware mata ɗaki da kwalin ɓuya, na yi sati 3 ina ajiye kifin gwangwani kusa da ƙafata. Har ta fara matsowa, sai na yi gaggawa na cafke ta. Ta yakushe ni a hannu, muka koma gidan jiya. Likitan dabbobi ya duba ta, ya ce lafiyarta ƙalau.

Na san tsakanin sati 2 zuwa 7 ne kyanwa ke sabo da hannun mutum, ita kuma wannan lokacin ya wuce ta ba kowa kusa da ita. Tausayinta nake ji sosai.

Wace hanya zan bi in sabar da ita da hannu a wannan shekarun ba tare da na sake firgita ta ba? Na gode.