Tafarnuwata ta ƙi yin kai, ganyenta kuma yana ta rawaya: ina mafita?

Uwargida daga Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san noman tafarnuwa. A farkon watan Janairu na shuka ta a bayan ɗakin girki, wata a ɗan fangali, wata a cikin buhuna da na cika da ƙasa da kashin kaji. Farar tafarnuwar nan mai manyan ƙwayoyi da ake sayarwa a cikin raga na saya na yi iri da ita, domin ta fi tamu ta gida girma da kyan gani. Ta tsiro lafiya, amma da muka shiga Maris sai ganyen ya soma rawaya daga baki, wasu ganyayen kuma suka yi fararen zane-zane kamar an kankare su. Na tone guda biyu na duba: ɗaya ba ta da kai ko kaɗan, sai kara siriri irin na lawashi, ɗayar kuwa gindinta ya yi laushi yana wari. Safe da yamma nake ba ta ruwa. Akwai yadda zan ceto ta, ko kuwa in tumɓuke ta in haƙura?

Manomin rani, Dadin Kowa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa wa aikinki albarka. Tun kafin a zo kan ganye, abubuwa biyu ne a bayaninki suka fi ɗaukar hankalina, wato lokacin shuka da kuma irin da kika shuka.

Tafarnuwa shukar sanyi ce. Ta fi jin daɗi idan zafin gari yana tsakanin digiri 13 zuwa 24, kuma a wannan yanki namu hunturu ne kaɗai ke ba ta haka, shi ya sa masu nomanta suke sa ta a ƙasa a watan Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa. Wata huɗu zuwa biyar take ɗauka kafin ta nuna, saboda haka tana buƙatar ta kwashe Disamba da Janairu gaba ɗaya tana tara ganye, domin abin da ganye ya tara shi ne ke sauka ƙasa ya zama kai. Wadda aka shuka a Janairu ba ta gama miƙewa ba zafin bazara zai riske ta, kin kuwa san Maris da Afrilu a Gombe, zafi yakan kai digiri 40. A irin wannan hali ko dai ta tsaya a kara, ko ta yi ɗan dunƙule guda wanda bai rabu zuwa ƙwayoyi ba.

Ita kuma farar nan ta cikin raga, galibinta daga ƙasar Sin ake shigo da ita, inda ta saba da sanyi mai tsanani da doguwar rana waɗanda ba mu da su a nan. Za ta tsiro miki kore shar, amma da wuya ta yi kai na kirki. Tamu ta gida, wadda ake kawowa daga Kano da Sakkwato, ƙanana ce, ɓarar ta ma da wahala, sai dai ita ce ta san ƙasarmu, ita ce kuma ta fi ƙarfin ƙamshi a miya. A nawa ganin, ki ɗauka cewa na bana ya wuce, ki shirya wa Nuwamba.

Mai lambun buhu, Yelwa, Bauchi

'Yar'uwa, gaskiya malam ya faɗa, amma gindin da ya yi laushi yana wari ba laifin lokaci ba ne, ruwa ne ya yi yawa. Saiwar tafarnuwa ba ta yin nisa, kuma ba ta jure zama cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ki duba ko kin huda ƙasan buhunan, domin idan babu inda ruwa zai tsiyaye, ban ruwa sau biyu a rana ruɓar da ita zai yi. Kafin ki zuba ruwa ki cusa yatsa a cikin ƙasar, in kin ji damshi ki bari sai gobe. Kashin kajin ma in ɗanye ne yana ƙona saiwa, sai wanda ya daɗe ya ruɓe ya huce. Ni nakan gauraya ƙasar da yashi da tsohon takin shanu kafin in cika buhu.

Malamin gona mai ritaya, Kumo

Ban goyi bayan a tumɓuke duka ba tukuna. Hajiya, ki fita da sassafe ki buɗe tsakanin ganyaye, can ƙasa inda sabon ganye ke fitowa, ki zuba ido sosai. Idan kin ga waɗansu ƙwari ƙanana ƙwarai, sirara, masu ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, suna gudu idan haske ya same su, to su ne suka yi miki fararen zanen nan. Kankare fatar ganye suke yi su tsotse ruwansa, kuma sun fi yawaita idan gari ya yi zafi ya bushe, wato daidai wannan lokaci. Masu noman albasa sun san ɓarnarsu sarai. Idan kuwa tabo kika gani mai launin shuni da ke faɗaɗa a jikin ganye, wannan cuta ce ta daban da damshi ke kawowa, maganinta na farko shi ne a daina jiƙa ganyen, a riƙa zuba ruwa a gindi kawai.

Ga ƙwarin, ki daka 'ya'yan dogon yaro busassu, kimanin giram 50 a kowace lita ta ruwa, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu kaɗan domin ya kama ganye, ki fesa da yamma har cikin lungun da suke ɓuya, ki maimaita bayan mako. Duk wadda ta ruɓe ki cire ta tare da ƙasar da ke kewaye da ita ki zubar nesa, kada ki mayar da wannan ƙasa cikin lambu. Sauran ki shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa a gindi domin ƙasa ta yi sanyi, ki janye buhunan zuwa inda ranar azahar ba ta dukansu. Kada ki ƙara yuriya yanzu da nufin ganye ya dawo kore, domin tafarnuwa a makonnin farko take buƙatarta, a ƙarshe kuwa sai ta jinkirta yin kai. Ko ba ta yi kai ba, ganyenta da kararta ana yanka su a miya, ba asara ba ce gaba ɗaya.

Uwargida daga Tumfure, Gombe

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na duba yadda Baba ya ce, ƙwarin suna nan da yawa, buhunan kuma huda biyu-biyu ce kawai a jikinsu. Sauran tambayata ita ce, yaushe zan sayi irin Nuwamba, kuma yaya ake shuka shi?

Manomin rani, Dadin Kowa

Ki saya a Afrilu ko Mayu, lokacin da sabuwa ta shigo kasuwa tana araha. Ki zaɓi masu tauri da nauyi, waɗanda suka bushe sosai, ki rataye su a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da damshin damina, kada kuma ki ɓare su sai ana gobe shuka. Manyan ƙwayoyin gefe za ki shuka da ɓawonsu, ƙananan tsakiya ki kai kicin, domin babbar ƙwaya ita ke ba da babban kai. Tsinin ya kalli sama, zurfin kamar gaɓa biyu ta yatsa, tazarar santimita 10 tsakanin kowace biyu. Ki riƙa cire ciyawa da hannu tun tana ƙarama, saboda tafarnuwa ba ta iya gasa da ita. Idan rabin ganyen ya bushe don kansa wajen Maris, ki tsayar da ruwa kamar mako biyu, sannan ki tone ki shanya a inuwa.