Me za mu kira "science fiction" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ƙanena ya gan ni da wani tsohon littafin marubucin Faransa Jules Verne, ya ce, "Yaya, wannan wane irin labari ne?" Na laluba na rasa Hausarsa, na ce tatsuniyar Turawa ce. Ya yi dariya ya wuce, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Tatsuniyar kimiyya dai ba ta zauna ba. A tatsuniya Gizo ya hau sama, ba mai tambayar ta yaya, a yi ƙurunƙus a watse. Shi kuwa Verne, a littafinsa na 1865 kan zuwa duniyar wata, zama ya yi da lissafi: igwa mai tsawon ƙafa 900 da aka zuba cikin rami a Florida, mutum uku a cikin harsashi, tafiyar awa 97 da minti 20. Shafi bayan shafi na awo da narka ƙarfe. Allah na tuba, wasu tsallakewa na yi.

Wani malaminmu ya ce a kira shi hasashen kimiyya, kuma da hujjarsa: a 1969 kumbon Apollo 11 da ya je duniyar wata daga Florida ya tashi, da mutum uku. Na yarda. Amma Malam, da an harba mutane da wannan igwa, ai daka su za ta yi kamar tattasai a turmi tun ba su bar ƙasa ba. Marubucin Ingila H. G. Wells a littafinsa na 1898 ya sauko da mayaƙa daga duniyar Mas, ga shi na'urori sun yi ta yawo can ba su ga ko ƙadangare ba. In hasashe muka ce, mun kayar da littattafan a jarrabawa, alhali har gobe gabana na faɗuwa in na zo inda ƙwayoyin cuta suka gama da maharan da suka fi ƙarfin sojan Ingila. Littafin Frankenstein na Mary Shelley kuma, na 1818, ina hasashe a ciki? Mutum ne ya haɗa halitta, ya tsorata, ya gudu ya bar ta.

Ƙagaggen labarin kimiyya daidai yake, sai dai kafin ka gama faɗa shayi ya huce. A bar wa takardar jarrabawa.

Ni na tsaya kan almarar kimiyya. Almara ta ɗauki abin mamaki, kimiyya ta kore aljani daga ciki, kuma ko ilimin da aka gina labarin a kai ya tsufa, sunan bai ƙaryata littafin ba. Na gwada shi da namu na gida, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda shi ma 1969 ya fito, ya zauna daram.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka karanta Verne da Faransanci tun a lakkwal, me kuke ce masa?