Neman shawara: hutu a ƙauyen Cirali, bakin Bahar Rum

Assalamu alaikum 'yan group, dan Allah shawara nake nema. Ina so in kai iyali hutu Turkiyya, ni da uwargida da yara biyu, ƙaramin shekararsa huɗu, amma ba Istanbul nake so ba, hayaniyar birni ta ishe ni wallahi, wuri nake nema shiru a bakin teku inda mutum zai tashi da asuba ba hon ba ƙarar janareta. Wani abokin aiki ya ambata min ƙauyen Cirali ta wajen Antaliya. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka, yaya ake isa can, wane wata ya fi, kuma uwargida mai hijabi ce za ta sake a wurin? Hutun yara a Agusta ne shi ya sa nake tunanin lokacin.

Ɗan Kasuwar Istanbul:
Wa alaikumus salam Alhaji. Hanya ba wuya, daga Abuja ko Legas jirgin Turkish zai kai ku Istanbul, sai ku canza na cikin gida zuwa Antaliya, awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Daga nan kusan kilomita 80 ne ta hanyar Kemer. Akwai bas daga babbar tasha, masu zuwa Kumluja, amma a mararraba suke sauke mutum a saman titi, sai ka jira ƙaramar bas da suke kira dolmush ta gangara da kai kamar kilomita 7 cikin kwana-kwana. Da yara da akwatuna gaskiya kar ka wahalar da kanka, ka ce masaukinku su turo mota filin jirgi. Kuma biza ka fara nema tun yanzu kafin ka biya kuɗin ɗaki.

Maman Biyu:
Yallaɓai dan Allah ka sake tunani a kan Agustan nan. Kar ka ce ai mu 'yan zafi ne, zafin can da gumi yake tafe, iskar a jiƙe take, da rana tsakuwar bakin ruwan ƙona ƙafa take yi ba ka iya taka ta ba takalmi, ga shi lokacin ne kowa ya zo ɗaki yana tsada. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ruwan da sauran ɗuminsa, mutane sun ragu, rumman ya nuna a lambuna. In dole ne sai hutun makaranta to ku tura shi makon ƙarshe daf da komawa, kuma ku tabbata ɗakin akwai AC.

Ni abin da ya sa nake son garin, ba manyan otal a ciki ko ɗaya, an hana gina su saboda kunkurun teku da ke fitowa su yi ƙwai a bakin ruwan. Ƙananan masaukai ne na iyali, ɗakunan katako a cikin lambun lemu, kaji na yawo, da safe a jera muku zaitun da cuku da tumatir da zuma da shayi. Za ku ga 'yan kejin ƙarfe a kife a kan yashi, ƙwan ne a ƙasa, ku ja wa yara kunne kar su taɓa, da dare ma ba a son a kunna fitila ko wuta a wajen don haske na rikitar da 'ya'yan su kasa gane hanyar ruwa.

Anti Hajiya:
Ƙanina bari in faɗa maka gaskiya tunda ka tambayi batun matarka. Ba mai kallonta ko ya tsangwame ta don ta sa hijabi, ƙasar Musulmi ce, su ma matan Turkawa akwai masu shiga ruwa da cikakkiyar sutura, hashema suke ce mata ana sayarwa a Antaliya. Amma bakin ruwan na kowa ne, Turawa na kwance da kayan wanka, kuma gidajen abinci da yawa suna sayar da giya. In wannan zai dame ku to ku duba Alaniya, wani gari a bakin teku gabas da Antaliya, akwai otal-otal na halal masu wurin wankan mata daban. A cikin Antaliya ma akwai bakin ruwa na mata zalla, Sarisu.

Maman Biyu:
Anti haka ne, amma bakin ruwan Cirali dogo ne fa, ya kai kilomita 3, in suka taka can gefen arewa da sassafe kusan su kaɗai za su kasance. Otal ɗin Alaniya kuma mutum yana cikin katanga ne da cunkoso, shi kuwa shiru ya ce yana so.

Ɗalibi a Antaliya:
Yaya kar ku dawo ba ku je Yanartash ba. Dutse ne a bayan ƙauyen, wuta na fitowa daga cikin ramukansa saboda iskar gas da ke ƙasa, dubban shekaru tana ci ba wanda ya kunna, Allah mai iko. Bayan magariba ake zuwa a fi ganinta, amma hawa ne kamar na kilomita ɗaya kan matakalar dutse, ku riƙe tocila da ruwa da takalmi mai kyau, ƙaramin kam sai an goya shi. A ɗaya ƙarshen bakin ruwan kuma kufan tsohon birnin Olimfos ne, ana biyan kuɗin shiga. Ku sai wa yara takalmin roba na shiga ruwa, kuma a riƙe hannunsu don akwai inda yake zurfi da wuri. Ku canza lira tun a birni.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na karanta wa uwargida duka, ta ce Ciralin take so in dai da sassafe za mu riƙa fita, sai mu ƙara kwana biyu a Antaliya ta je na matan. Zan yi magana da makarantar yara ko za su ba mu mako ɗaya a Oktoba. Maman Biyu dan Allah masaukan nan ana samun mai ɗan kicin? Ƙaramin ba ya cin komai sai shinkafa da taliya.

Maman Biyu:
Ana samu amma ba duka ba, ka tambaya kafin ka biya. Shinkafa kam ko'ina akwai, pilav za ku ce. Yaji dai ku taho da naku.