Wa ya taɓa sayen kofi daga hannun manomi kai tsaye?

Mai shagon gahawa, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Masu zama wurina bayan Magariba sun fara neman kofin da ake soyawa a niƙa nan take, sun ce na gwangwani ya ishe su. Ƙasarmu ta Sakkwato dai ba ta kofi ba ce, don Arabika, irin kofin da ake nema, tudu take so mai sanyi da ruwan sama, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Dole sai an yo daga Mambila ko Jos. Nufina in tsallake dillalai in yi hulɗa da manomi shi kansa. Wanda ya taɓa gwadawa, don Allah ya gaya mana yadda ta kaya.

Wanda ya yi bautar ƙasa a Gembu:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Can Gembu, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, na yi hidimar ƙasa, kuma har yau ina sayen kofi wurin wani dattijo da gonarsa ba ta kai kadada guda ba, yana nomansa a inuwar ayaba da fiya. Tsaunin ya kai mita 1,600 sama da teku, sanyin safiyarsa sai da rigar sanyi.

Abin da idona ya gani shi ne, kyan kofi da lalacewarsa duk daga ranar tsinka ne. A reshe guda za ka tarar da ja jawur, da ruwan ɗorawa, da kore shar. Mai gaggawa sai ya kama reshen ya zage shi gaba ɗaya cikin kwando. Dattijon nan kuwa ja kaɗai yake cira, sai ya bar sauran ya komo musu bayan kwanaki. Da yamma matarsa ta juye a baho ta cika ruwa, duk wanda ya taso sama ta kwashe shi gefe, domin ko dai holoƙo ne ko ƙwaro ya huda. Wanda ya nutse shi ake murzawa a cire jan ɓawon, a bar ƙwayar da yauƙinta ta kwana ɗaya ko biyu. Ta kan ɗebo da hannu ta murza: in yana santsi, da saura, in ya fara ƙaras-ƙaras, a wanke a kai shanya.

Wannan wahalar ba wanda zai yi maka ita a kuɗin kasuwa. Na ce masa ja kaɗai nake so, na ƙara masa a kan farashin da 'yan kasuwar Kamaru ke ba shi, na kuma ba da kafin alƙalami tun damina ba ta ɗauke ba.

Hajiya mai kayan ƙamshi, Babbar Kasuwa:
Ɗana, ka faɗi na gona ka bar na hanya. Nawa ya baro Gembu lafiya lau, ya biyo Serti da Bali ya sauka Jalingo, aka sauya masa mota, aka sake sauyawa a Kano. Wani direba ya ɗora buhun kusa da busasshen kifi da jarkar fetur. Da na buɗe, wallahi ƙarni ne ya fara yi min maraba. Na shanya, na sheƙe, na soya da citta da kanumfari, ƙarnin nan yana nan daram. Ɗanyen kofi zuƙar wari yake yi, kuma in ya zuƙa ba ya saki.

Yanzu kafin a yi min lodi sai na aika da buhun PICS, irin mai leda biyu a ciki da muke ajiye wake. A ɗaure kowace leda daban. Ko a shago ma cikinsa nake bari, don iskar hunturunmu ta kan busar da ƙwayar ta koma fari fat, ƙamshin ya gudu.

Ɗan kasuwa, Tudun Wada:
Ni hwa ban ga laihin dillali ba. Na tura wa wani manomi kuɗɗi, da kaka ta yi wani ya zo da tsabar kuɗi a hannu ya kwashe kayan, ni aka ce in yi haƙuri sai baɗi. Kuɗɗina sun dawo, amma shekara ta wuce ni. In ba ka da ido can, dillalin shi na idonka.

Malamin noma, Arkilla:
Alhaji na Tudun Wada, maganarka tana kan hanya, amma a duba ta wajen manomin. Tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ƙaramin manomin kofi ya rasa tsayayyen mai saye, da yawa suka sare itatuwan suka koma masara. Itacen kuwa sai ya shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya. Ga shi sai an tsinko kilo 5 zuwa 6 na nunannun 'ya'ya kafin a sami kilo guda na ƙwaya busasshiya. Mutumin da ke jiran kuɗin makarantar yara, in aka nuna masa kuɗi yau, da wuya ya tsaya jiran alkawarin waya. Akwai tashar CRIN, cibiyar binciken koko da kofi ta ƙasa, a Kusuku, nan kan Mambila, kuma ta wajen wani abokin karatuna da ke harkar noma a yankin na sami ƙungiyar manoman da nake saye a wurinsu. Ƙungiya ta fi mutum ɗaya riƙe alkawari, in wannan ya gaza wancan ya cike.

Ni abin da na fi sa wa ido shi ne bushewa. Danshin ƙwaya ya kamata ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Mambila akwai hazo da yayyafi, wanda ya shanya a ƙasa ya tattara da wuri, funfuna ce za ta biyo baya. Na saya musu ragar waya da katako suka yi gadon shanya, iska na shiga ta ƙasa, kuma bambancin ya fito a ɗanɗanon kofin. Batun a kira shi na musamman kuwa, masu ɗanɗano na duniya sai ya sami maki 80 cikin 100 suke ba shi wannan suna. Kada wani ya rubuta a leda ya tsawwala maka kuɗi alhali ba wanda ya ɗanɗana.

Direban Umara, Runjin Sambo:
Malam, ni na Habasha na saba da shi a Jidda, irin na Harar da ake shanyawa da ɓawonsa har sati uku ko huɗu. Zaƙinsa daban ne, har da ƙamshin 'ya'yan itace. Na roƙi wani manomi a Filato ya yi min haka, buhu guda ya fito da kyau, ɗayan ya yi tsami don ba a riƙa juya shi ba. Mai shago, ka kuma sa a lissafinka cewa suya tana cin nauyi, kilo guda ya kan rage kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari.

Mai shagon gahawa, Mabera:
Allah ya saka da alheri. To kafin in tura kuɗin buhu, ta yaya zan gane kayan daga nan?

Hajiya mai kayan ƙamshi, Babbar Kasuwa:
Ka ce a fara aiko maka da kwano guda, daga buhun da za a ba ka, ba wanda aka tsince don talla ba. Ka baza a farin faranti da rana, ka ware baƙaƙe, da fasassu, da masu hudar ƙwaro. Ka ciji ɗaya: in haƙori ya shige ta lotsa, ba ta bushe ba. Sannan ka soya kaɗan a kasko, waɗanda suka ƙi yin duhu suka tsaya fari-fari ɗanyu ne aka tsinko. Ka sha shi ba sukari ba citta. Rabin kwanon kuma ka ɗaure ka ajiye, ranar da buhu ya iso ka zuba su gefe da gefe kafin ka cika sauran kuɗin.